Baba Gershon da Hanyar Bayan Gida

Kakana Baba Gershon bai taɓa hawa mashin ba. Abin da za a fara gaya maka ke nan a kansa a unguwarmu da ke gefen Kagoro, tun kafin a ce maka dattijon ikkilisiya ne ko tsohon ma'aikacin reluwe. Tun da na gama sakandare ni nake rubuta abubuwan gidanmu a wani littafi mai baƙin bango, ranar haihuwa, ranar baftisma, wa ya auri wa. Shi ya sa da aka ce ya kamata a ajiye labarinsa, kowa ya juyo ya kalle ni.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba layin dogo a Kafanchan da guduma a kafaɗa. Da safe ya tafi da ƙafa, da yamma ya dawo da ƙafa, kuma ba ta kan kwalta ba. Akwai wata siririyar hanya da ta tashi daga bayan gidanmu, ta ratsa gonakin citta, ta bi gefen rugar Fulani, ta gangara rafi inda aka gitta gungumen itace, sannan ta hau tudu ta ɓulla Kafanchan ta baya. Ya ce ta nan mahaifiyarsa ta goya shi zuwa asibiti da ya yi ƙyanda, ta nan kuma maza huɗu suka ɗauko ƙararrawar cocinmu. Mutane sun daɗe da komawa kwalta. Shi kuwa ko da ya yi ritaya, duk ranar Alhamis sai ya sa takalmansa na aiki ya bi ta, ya gaida tsofaffin abokansa, ya dawo da batirin rediyo ko da na ciki bai mutu ba.

Ba motsa jiki yake yi ba, gadi yake yi. A wajenmu, hanyar da ta ratsa gona ba ta mai gona ba ce muddin ana bin ta. Amma in damina ta faɗi, mai unguwa ya zaga ya tarar ciyawa ta rufe ta babu sawun mutum, mai gona yana da ikon ya haɗe ta da gonarsa. Hanyoyi uku suka ɓace haka a idona.

Wanda ya fi kowa jiran wannan rana shi ne Zamani, domin hanyar ta raba babbar gonarsa gida biyu. Ba mugun mutum ba ne, yana ma cikin mawaƙan coci. Sai dai kowace shekara fartanyarsa sai ta ɗan ci gefen hanya.

"Zamani, fartanyan nan naka yana da yunwa," in ji Baba in sun haɗu.

"Baba, ruwa ne ya ja ƙasan."

"Ruwan gonarka kuwa yana da hankali. Kullum wajenka yake ja."

Shekara biyu da suka wuce, a watan Afrilu, akuyarmu ta zagaye Baba da igiya a tsakar gida, ya faɗi, ƙwaurinsa ya karye. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar ya ce sati shida kada ta taɓa ƙasa. Ruwan farko ya riga ya sauka, ciyawa ta fara leƙowa, kuma mai unguwa zai zaga cikin sati huɗu. Washegari Zamani ya zo dubiya da lemu a leda.

"Sannu Baba. Sati nawa suka ce?"

"Shida."

"Kai, sannu. Shida cif, ko da ɗan ƙari?"

Ina zaune a wurin. Sau uku ya tambayi satin, bai tambayi ƙafar ba ko sau ɗaya.

Baba ya fara neman wanda zai taka masa hanya. Babana, Rufus, malamin makaranta ne, ya ce ba komai zai je. Ya fita ta bayan gida, ya zaga ya ɗauki mashin ɗinsa a gidan maƙwabci, ya dawo da yamma yana nishi. Baba ya ce ya matso, ya shafa ƙafar wandonsa, bai sami ko ƙwayar ciyawa ɗaya ba. Ya ce, "Sannu da zama a kan mashin."

Sai ya aika a kira Dije, Bafulatanar da ke kai nono kasuwar Kafanchan. Ban da Baba, ita kaɗai ce take bin hanyar.

"Dije, ki riƙa taka ƙasan da ƙarfi."

"Baba Reluwe, da ƙwarya a kaina? In nonon ya zube kai za ka tatso mini wani?"

"Ke tafiyanki kamar kyanwa. Ciyawa ma bai san kin wuce ba."

"To ba ni aron takalmanka."

Da gaske ya ce a ɗauko mata. Ta ɗaga ɗaya ta ji nauyinsa, ta ajiye, ta tafi tana dariya har waje.

Sati uku suka wuce. Baba ya rame, ya daina kunna rediyo. Daga tabarmarsa a gindin mangwaro yana hango bakin hanyar yana yin kore.

A satin nan ne taron zumuntar mata na gunduma ya zo, a Kafanchan, ranar Asabar ƙarfe goma. Kakata Mama Damaris ita ce shugabar zumuntar cocinmu, mace ce mai jiki da murya, ga ciwon gwiwa. Motar da ta saba kai su ta lalace, suka zauna a gidanmu suna shirin hawa okada bibbiyu. Abin da ke cin ransu kuwa, a taron bara an ce muryoyinsu a dishe suke, suka zo na ƙarshe a waƙa.

Baba ya yi gyaran murya daga tabarma.

"Maman Rufus, kin san abin da ya kashe muku murya bara? Iskan mota. A da iyayenmu da ƙafa suke zuwa taro, suna waƙa tun daga gida. Kafin su isa maƙogwaro ya buɗe."

"Baban Rufus, ka ji da ƙafarka."

"Ni dai na faɗa. Ga hanya nan bayan gida, awa ɗaya da rabi. Shimfiɗe kamar tabarman nan. Inuwa daga farko har ƙarshe."

"Rafin fa?"

"Wane rafi? Taki uku."

Matar fasto ta ce ai wannan ma shaida ce, mutane za su ga mata suna tafiya suna yabon Ubangiji. Nan take aka yarda.

Har yau ana gardama a gidanmu ko Baba ƙarya ya yi. Ni dai na yarda awa ɗaya da rabi ya sani, domin da agogon reluwe ya auna. Abin da bai faɗa ba shi ne ya auna yana ɗan shekara talatin, cikin wando, shi kaɗai, da rani.

Ƙarfe bakwai na safe muka tashi, mata arba'in da bakwai. Na san adadin domin ni nake rubuta musu suna. Zani iri ɗaya, farar riga, farin ɗankwali, farin takalmi, ga tukunyar kiɗa, ga ganga, ga kacau-kacau. An kwana ana ruwa. Baba ya sa aka jawo tabarmarsa bakin ƙofa yana ɗaga mana hannu kamar mai sallamar jirgi.

Rabin awa na farko gwanin daɗi. Sai muka shiga gonar Zamani, inda hanyar ta koma faɗin tafin ƙafa ɗaya. Matan zumunta kuwa ba sa waƙa a layi ɗaya. Uku-uku suke jerawa, suna jan ƙafa, taki biyu gaba ɗaya baya, kowa tana juya ƙugu. Zamani ya gama shuka cittarsa ya lulluɓe ta da ganye har bakin hanya. Daga can ƙarshen gona ya hango mu, ya yar da fartanya ya taho a guje.

"Mama, citta na. Mama, ku bi hanya mana."

Mama Damaris ta ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. "Ina hanyan?"

"Ga shi nan a gabanki."

Ta sunkuya ta duba. "Wannan hanya ne ko tsagar kitso? Kai a cikinmu wa ka ga zai wuce a nan?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai idonsa ya faɗa kan mai ɗauke da tukunyar kiɗa. Mama Bridget ce, uwar matarsa. A wajenmu namiji ba ya tsayawa a tsaye gaban surukarsa, balle ya ɗaga murya. Zamani ya cire hula, ya durƙusa a gefen kunya, ya sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya, ɗana. Yaya yaran?"

"Lafiya, Mama."

"Gona ta yi kyau. Allah ya sa albarka."

"Amin, Mama."

Kuma ba a tashi sai suruka ta wuce. Mama Bridget kuwa ba ta wuce ba, domin mai tukunya a gefe take tsayawa tana ba da kiɗa har kowa ya shige. Haka Zamani ya zauna a durƙushe, hula a hannu, mata arba'in da shida suka bi ta kan cittarsa, taki biyu gaba ɗaya baya, kowace ta zo daidai shi ta ce sannu da aiki, shi kuma ya ce yauwa Mama.

Inuwar da aka yi mana alkawari bishiya huɗu ce, na ƙirga. Ƙarfe goma ta same mu a bakin rafi. Ruwa ya taso, gungumen ya jiƙe yana sheƙi. 'Yan mata-mata uku suka haye da rarrafe. Mama Damaris ta tsaya ta dubi gungumen, ta dubi ruwan.

"Taki uku," ta ce a hankali. "Zan nuna masa taki uku."

Dije ce ta cece mu. Ta fito daga ruga da ƙwaryarta, ta gan mu jibge, ta riƙe baki. Ta kai mu ɗan ƙasa kaɗan inda shanunsu ke shan ruwa, wurin bai wuce gwiwa ba, sai dai gaɓar a tsaye take. Mijinta Hammadu ya kawo fartanya ya sassara matakala. Mata goma ba su gama sauka ba matakalar ta narke, sauran suka gangara da mazaunai, takalma a ka. Mama Damaris kuwa zani aka zarga mata a hammata, mata huɗu suka riƙe suna sassautawa, tana ba da umarni har ta isa ƙasa. Kafin ta ƙarshe ta haye, gaɓar nan ta kwanta ta zama gangare sumul ta kowane gefe.

A kan tudu babu mai waƙa. Sunan Baba Gershon kawai ake ambata, kuma ba cikin addu'a ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shiga majami'ar da ake taron, an gama waƙoƙi ana shirin raba abinci. Kowa ya juyo yana kallon lakar jikinmu. Shugabar taro ta taso da sauri ta tambaya ko hatsari muka yi. Mama Damaris ta gyara ɗankwalinta mai laka ta ce, "Da ƙafa muka zo, kamar iyayenmu." Aka tafa, aka ce mu yi tamu waƙar. Ban taɓa jin sun yi waƙa da ƙarfi haka ba, kowa da abin da ke cinta a ciki. Na uku muka zo. Da aka tashi kowa ta hau okada, babu wadda ta ko kalli bayan gari.

Muna shiga gida Baba ya ɗago. Bai tambayi taro ba.

"Kun taka sosai?"

Mama Damaris ta cire takalmanta ta ajiye masa a cinya. Washegari bayan sujada matan zumunta suka zo dubiya ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce sannu da ƙafa Baba, ta ajiye farin takalminta mai laka a gefen tabarma. Mama Bridget ta ce ai mai ɗori ƙafa ya hana, bai hana hannu ba. Aka kawo masa bokiti da sabulu da buroshi. Kwana uku yana wanki a gindin mangwaro, yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, rediyo a kunne.

Da mai unguwa ya zaga, ya tarar da hanyar da amalanke zai bi. Ya ce wannan kam ko makaho ya san ana bin ta. Zamani ya yi asarar layi biyu na citta, kuma bai kai ƙara ba, domin da ya kai, sunan farko da zai faɗa na surukarsa ne.

Ranar da Baba ya fara takawa, ya sa takalman reluwe ya ɗauki sanda ya fita ta bayan gida yana murmushi. Bai yi nisa ba ya ji odar mashin a bayansa. 'Yan okada sun gano cewa hanya ta yi faɗi, gaɓar rafi ta kwanta, kuma ta nan babu mai tsayar da su. Sau bakwai ya faɗa cikin ciyawa kafin ya kai ruga. Ya dawo gida da laka a wando.

"Na ce a taka mini hanya, ban ce a buɗe titi ba."

Mama Damaris tana tsince wake, ba ta ɗago ba. "Ka gode wa Allah ba mu zo da 'yan kwayar coci ba."

Ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya yanke shawarar ba zai ƙara kaucewa ba. Yanzu shekararsa saba'in da takwas. Duk Alhamis da safe yana tafiya a tsakiyar hanya daidai, sanda a gicce bisa kafaɗu, hannuwa rataye a kanta. Duk yaran okadan nan ya san iyayensu, wasu ma shi ya tsaya musu a baftisma, babu mai iya yi masa tsawa. In ka tsaya a bayan gidanmu wajen ƙarfe takwas za ka hango shi a cikin gonakin citta, mashin biyar ko shida jere a bayansa suna bin sa a hankali, fasinjoji suna roƙo, Baba don Allah, shi kuwa yana nuna musu da haɓa inda aka taɓa ajiye ƙararrawar coci aka huta.