Yadda "Da Sauƙi" Ta Kai Mu Gaban Alƙalai

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Thamesmead a Landan, ni da jikana, wanda ya yi wa Turawan nan aikin soja har ya baro lafiyar gwiwarsa a can. Uwarsa ta ƙi zuwa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya masa gaban mutane. Sai ni tsohuwa.

Abin da ya fitar da mu kuwa, an auna raunin nasa an ce ƙarami ne, aka yanka masa benefit, wato kuɗin tallafi, wanda bai taka kara ya karya ba. Shi ne ya ɗaukaka ƙara.

Bas ta zo a cike, kowa ya toshe kunne, ba mai gaida wani. Wata yarinya ta tashi ta ba shi kujera, ya ce a'a, ya tsaya yana cije leɓe har tasha. Daga nan jirgin ƙasa, daga jirgi tube mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, rami ƙarƙashin rami kamar gidan gara. A bakin kotu ya sayo mini shayi, ruwa ne aka nuna wa ganye, kuɗinsa kuwa ya sayi kaza a Kano.

Mutum uku muka tarar: alƙaliya, likita, da wani tsohon soja. Likita ya tambayi gwiwa. Ɗan nan ya miƙe ƙyam, ya ce da sauƙi. Tafintan da aka ba ni ya juyo mini da maganar. Ashe abin da ya gaya wa likitan farko ke nan.

Na ɗaga hannu, aka ba ni izini. Na ce, "Maigida, zauna. Ni za ka yi wa jarumta, ni da nake jin nishinka ta bango?" Sannan na gaya musu tun dawowarsa goshinsa bai taɓa ƙasa ba, a kujera yake salla kamar sa'ana, matakala kuwa a zaune yake sauka. Tsohon sojan ya ajiye biro, ya tambaye shi ko gaskiya ne. Ya dubi ƙasa, ya ce gaskiya ne.

Suka fitar da mu, suka sake kira, suka ce awon farko bai yi ba, an ƙara masa kuɗin.

A bas ɗin komawa ya juya mini ƙeya, wai na kunyata shi. Amma da aka ba shi kujera, ya zauna.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, 'ya'yana, "da sauƙi" ta mai dubiya ce, ba ta mai awon ciwo ba. Da muka shiga gida uwarsa ta ce, "Sannu Hajiya, ya ƙafa?" Na ce babu sauƙi, kawo ruwan zafi.