Idanu Biyu a Ƙeyar Alwyn

Alwyn Tregear ya yi shekara goma sha shida yana rabon wasiƙu a kan keke a garin Ballarat kafin muryoyi su fara yi masa magana. Da farko daga akwatunan wasiƙa suke fitowa, daga baya suka biyo shi har gida. Aiki ya tafi, aure ya bi bayansa, ya yi ta shiga asibiti yana fita. A ƙarshe aka ba shi ɗaki a wani gida mai jan rufi, inda mutum biyar masu irin larurarsa suke zaune, ma'aikata na zuwa kullum suna lura da magani da girki.

Shekararsa goma sha ɗaya a nan. Yana karɓar allurarsa duk wata, muryoyin sun koma kamar rediyon maƙwabci, ana ji amma ba dole a saurara ba. Shi ke fitar da shara, shi ke gyara keken duk wanda ya kawo, kuma sau uku a mako yana takawa zuwa shagon gwanjo na coci ya jera littattafai. Burinsa ɗaya ne: ɗan sashen da ke bayan gidan, mai kicin ɗinsa da mabuɗinsa. Ranar Alhamis likita da shugabar gidan za su zauna su duba ko ya isa zama shi kaɗai, kuma rahoton mai kula da shi za a fara karantawa.

Mai kula da shi sabuwa ce, Tegan, makonta biyu da tsallakowa daga tsibirin Tasmaniya. Ranar Litinin ta tarar da shi a bakin ƙofa ya kifa robar askirim a ka, ya ɗaure da igiya a haɓa, ga manyan idanu biyu an zana a bayanta. Ta tambaye shi da tattausar muryar nan da ake koya musu a makaranta. Ya yi mata bayani tsaf: Satumba ta kama, tsuntsayen magfai sun yi ƙyanƙyasa, kuma akwai namiji ɗaya a bishiyar tashar bas da ya haddace fuskarsa. Kowa ya zo sai ya bar shi ya wuce, shi kuwa sai ta ƙeya yake kawo masa sara. Idanun don tsuntsun ya ɗauka ana kallonsa ne.

Tegan ta san magfai, baƙi da fari kamar hankaka. A garinsu kan shinge suke zama su yi ta waƙa, ba su taɓa kowa. Ta sha jin mutanen wannan tsallaken suna ba da labarin sara, ta ɗauka cika baki ne. Amma tsuntsu mai riƙo, mai jiran mutum ɗaya tak? Wannan ta karanta shi a littafi, kuma ba littafin tsuntsaye ba.

Dulcie, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta ajiye saƙarta ta ce, "Alhaki ne, 'yar nan. Alwyn ya taɓa maka wa kakan tsuntsun damin wasiƙu." Shaidarta ba ta yi amfani ba, don jiya ta kai ƙarar firij cewa yana gulmarta.

Alwyn ya ga biron Tegan yana gudu a kan takarda. Ya daɗe da sanin cewa a irin wannan gida, duk yadda ka dage da rantsuwa, haka rubutun ke ƙara tsawo. Sai ya kwance igiyar ya miƙa mata robar.

"Ba zan yi gardama da ke ba, Tegan. Jibi ki raka ni shago. Zan tafi da kaina a buɗe, ke ki riƙe wannan."

Ranar Laraba suka fita, hantsi ya ɗaga. Alwyn na tafe kafaɗu a ɗage kamar mai jiran mari. Wata tsohuwa ta gifta ƙarƙashin bishiyar da karenta, lafiya lau. Su kuwa ko taku uku ba su yi ba sai fuka-fuki suka tsaga iska, aka ji ƙas a gefen kunnensa, jini ya ɗan tsatso. Tsuntsun ya yi sama, ya kewayo, ya duba wadda ke tare da abokin gabarsa, ya yanke hukuncin cewa duk kanwar ja ce. Kafin Alwyn ya juya, Tegan ta kifa robar a kanta ta ranta a na kare, idanun ƙeya suna harararsa har ta sha kwana.

Ya same ta a ƙofar shagon tana haki. Ya ce, "Igiyar a haɓa ake ɗaurewa, ƙanwata. In ba haka ba tana faɗuwa."

A zaman Alhamis likita ya tambayi abin da ya sami kunnensa. Tegan ce ta amsa, kuma ta karanta rahoton da ta sake rubutawa, wanda bai cika rabin shafi ba. Aka ba Alwyn mabuɗi.

Yanzu robobi biyu ne rataye a bayan ƙofar gidan, Dulcie ta ƙara wa ta Tegan gashin ido. Alwyn kuwa yana ƙorafin sashen nasa ya cika shiru, don haka kullum ƙarfe huɗu sai ya kulle ƙofarsa, ya gwada ta sau biyu, ya tako babban gida shan shayi.