Ranar da rezo mai kyau ya tona mani asiri

Ƙanen matata ya ga rami a gabana ya yi shiru har na faɗa ciki a gaban direbobin tasha. Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, wannan dai ba zan manta da shi ba.

Ni mai gyaran waya ne a Gazawa. Lakol, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, suka sallame ni. Da girmana na ɗora wa kaina koyon haɗa manhaja ta hanyar bidiyo, rabi in gane, rabi in cika da ƙarfin hali. Na haɗa wadda za ta nuna wa direbobin Gazawa da Agiye motar da ke kan layi, don a daina zage-zage a tasha. Shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya ce in ta yi, aikin nawa ne. Tun a ranar na fara tafiya ina buɗe kafaɗa, har matata ta tambaye ni ko maruru ne ya fito mani a hammata.

Ana gobe zan nuna ta, na ba ƙanen nan nawa, wanda ya yi jami'a, ya duba. Ya daɗe yana kallon wuri guda, sannan ya ce, "Yaya, ai ka yi ƙoƙari."

Na ɗauka yabo ne.

Abin da ban sani ba, shagona ne ke rufa mani asiri. A can rezo, wato sabis ɗin waya, rawa yake tsakanin namu da na Nijeriya, saƙon sabon layi ba ya isowa daga intanet. Sai manhajar ta yi ta nuna tsohon layin da na zuba mata da hannuna, ni kuwa ina ta tafa wa kaina.

A buron sandika na Agiye, wato ofishinsu, rezo cike yake. Na ɗaga waya sama, na danna. Saƙo ya iso, manhaja ta rufe kanta ɗif. Abin da ya bayyana a fuskar wayar hotona ne na Sallah, ina washe baki cikin babbar riga. Na sake dannawa, na sake fitowa.

Wani tsohon direba ya leƙo ya ce, "Malam, kai ne a kan layi? Fasinja nawa kake ɗauka?"

Buro ya kece da dariya. Can sai ƙanen nawa ya miƙe a natse, ya ce wa shugaba matsalar ƙarama ce. Wai manhaja tana da ma'aikata biyu: na gaba, wanda shi kaɗai ke da izinin taɓa fuskar waya, da na baya, wanda ake aika ya ɗebo saƙo daga intanet. Ni na sa na bayan ya rubuta a fuska da kansa. "Kamar yaron mota ne ya ƙwace alli daga hannun ɗan kamasho," in ji shi. "Ai kamata ya yi ya miƙa saƙon kawai." Direbobi suka gane nan take. Ni ma a nan na gane, tare da su, ina share zufa. Layi uku ya gyara, aka ba shi aikin.

A tasha na tare shi kafin mu shiga mota.

"Jiya ka gani?"

"Na gani, Yaya. Amma na san halinka. Da na faɗa, cewa za ka yi ina maka girman kan boko, ka zage ni."

Na ce, "Ƙwarai da na zage ka, har da ubanka da nake gaisarwa a durƙushe. Amma wannan zagin a shago zai tsaya, mu biyu, in na huce in gyara abuna. Kai ka ji tsoron bakina, ka bar ni da bakin tasha. Yau na gane wanda ke gudun ɓacin raina kansa yake karewa. Shiga gaba, ni baya zan zauna, kada ka ce mani sannu."