Gurbina a Layin Masu Mai

Kasuwar Azare ranar Lahadi take ci. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da ya shiga tsakanina da matar heluma ba.

Daga ƙasar duwatsu muka zo, can kudu da Bauchi, ni da maigidana, a zamanin da Turawa suke ɗibar leburori ana zuba wa hanya tsakuwa. Shi lebura ne. Heluma shi ne shugabansu, mutumin ƙasarmu, Kirista kamar mu. Mu masu bi a lokacin ba mu cika zaure ɗaya ba. A bayan barikin leburori muka kafa rumfar zana, aka rataye wani ƙarfen mota a reshen aduwa. In an buga shi da safiyar Lahadi, sujada ta yi.

Abin da maigida yake samu ba ya kai mu ƙarshen wata, ga yara. Sai wata tsohuwa 'yar gari, Musulma, wadda nake ce wa Inna, ta ji tausayina ta koya mini man gyaɗa. In soya, in murje, in sheƙe, in niƙa a dutse har gwiwata ta yi kanta. In zuba a turmi, ina ɗiga ruwan zafi ina juyawa, ina juyawa, har mai ya taso. In ya fara tasowa ba a barinsa, ko ɗanki ne yake kuka. Abin da ya rage in mulmula ƙuli in soya. Inna ce ta kai ni gaban sarkin kasuwa, ta roƙa mini gurbi kusa da ita a layin masu mai, a inuwar tsamiya, inda matan Fulani suke fara tsayawa in sun sayar da nono. Gurbin kasuwa kuwa zama ne yake riƙe shi. In aka ga ba kya zuwa, an ba wata.

To, ana buga ƙarfe ina kan hanya da tulu a ka. Ina jinsa. Kada wani ya ce ba na jinsa. Yana bina har gindin tsamiya, ina auna mai da ludayi yana cikin kunnena.

Matar heluma doguwa ce, mai zanen kanti, a gaba take zama, ta fi kowa ɗaga murya a waƙa. Wata Asabar ta shigo mini ina kan turmi.

"Ƙanwata, Ubangiji yana cigiyarki."

Na ce, "Yaya, ya san inda nake. Bari mai ya gama tasowa."

"Mai! Ranar ƙarshe ma ce masa za ki yi ya jira mai?"

Ba ta tsaya nan ba. A taron addu'ar mata ta rufe ido ta ce, "Ka tuna da 'yar'uwarmu wadda turmi ya zama mata gunki." Mata suka ce amin. Ina zaune.

Na ji haushi har na kasa cin tuwo. Amma maganar ta sauka a wurin da dama yake mini ciwo. Na je na gaya wa Inna zan riƙa zuwa sujada. Ta ce, "Ni ma in ladan ya kira, rufe tulu nake yi, 'yar nan. Sai dai naki kiran ya faɗo a kan cikar kasuwa. Zan ajiye faifaina a gurbinki, iya abin da zan iya."

Sujadarmu ba ta tashi sai rana ta take, kafin in isa kasuwa Fulani sun kama hanyar ruga. Na haƙura. Ina zuwa rumfa, ina waƙa, raina yana sanyi.

Wata Lahadi bayan an tashi na leƙa kasuwa. A gurbina ga wata dillaliya ta baje, irin matan nan da suke sayar wa matan kulle kaya. Gabanta tulun mai, gefe ƙuli mai zobe, an danne bakinsa da babban yatsa. Kowace mace da yadda take mulmula nata, wannan kuwa na taɓa cinsa a gidan heluma.

Inna ba ta iya duban idona ba. Ta ce, "Goro ta kai wa sarkin kasuwa, ta ce mai wurin ta tashi. Kayan matar shugabanku ne."

Ban bi ta gida ba. Na sami matar heluma a tsakar gidanta tana tsifar kai.

"Yaya, ashe Ubangiji ne yake cigiyata, ko gindin tsamiya kike cigiya?"

Ko hannu ba ta sauke daga kanta ba. "Ƙafata ta taɓa taka kasuwa ranar Lahadi? Dillaliya Musulma ce, ranar ba ta hau kanta ba."

"Tulunki fa? Shi ma Musulmi ne?"

"Wurin na gani a yashe."

"Wa ya yasar da shi? Ba ke kika kore ni da addu'a ba?"

Ta ce, "Ki iya bakinki, yarinya. Mijina ne yake kiran sunan mijinki a wurin aiki."

Maigidana ma da ya ji, abin da ya ce ke nan. In rufa masa asiri, in yi shiru.

Inna ce ba ta yi shiru ba. Ta koma wurin sarkin kasuwa, ta zo mini da amsa: in na riga dillaliya zama ranar kasuwa mai zuwa, na kuma ci gaba da zama, wuri nawa ne. Na matse mai a makon nan kamar mai faɗa da turmi. Na cika tulu, na naɗa gammo, na ajiye a bakin ƙofa. Da gari ya waye ranar Lahadi na tsaya a kansa. In na ɗauka, na karɓi wurina, na kuma nuna wa matar nan iyakarta. Amma da wane baki zan ce wa Ubangiji na dawo gabansa, sannan saboda ita na sake tafiya? Wanda ya kira ni ba ita ba ce. Na mayar da tulu ɗaki, na wanke yara, muka tafi rumfa.

Da matar heluma ta gan ni sai ta matsa a kan tabarma, tana murmushi. "Zo nan, ƙanwata, ga wuri."

Na wuce ta na zauna a ƙasa.

Gurbi ya tafi, bai dawo ba. Daga nan lungu-lungu nake bi da tulu a ka, Litinin zuwa Asabar, ina sallama a gidajen mutane, har gashin tsakar kaina ya zube. Ran da aka yi jibin Ubangiji, inda masu bi suke sha daga ƙoƙo ɗaya, matar heluma ce ta sha ta miƙo mini ƙoƙon. Na karɓa na sha, don ba nata ba ne. Amma ruwan randarta, har aka ɗauke mijinta zuwa wata hanya suka bar garin, bai taɓa wuce maƙogwarona ba.