Tsoho Mai Fito da Baƙon Fadama

Da aka idar da sallar asuba, Tsoho yana cikin jirginsa a bakin gulbi, yana kwashe ruwan da ya tsattsafo da yankakken galan. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, amma bai yarda kowa ya karɓi galan ɗin ba. Ni fito na zo yi, injin ban-ruwan wani manomin shinkafa ya tsaya a tsallake. Da ya sauke ni ya ce, "Makau, in ka ƙare ka biyo gida da hantsi. Malam na son ya ɗauke ni hoto a waya, ni ko ina son shaida."

Malam ɗin da yake nufi ɗansa ne, Mu'awiya, mai koyarwa a Islamiyya. Tun da yaron ya ajiye gemu uban yake kiransa haka, rabi girmamawa rabi tsokana.

Tsoho mai fito ne a Gummi, haka ubansa ya yi. Sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa yake amsa Tsoho tun yana rarrafe. Ni bakanike ne, ba na auna mutum da bakinsa. Shekarar da gulbi ya yi ambaliya na ga mutumin nan ya wuni yana kwaso mutane daga kan tudu da rassan itace har tafin hannunsa ya saɓule, bai kuma taɓa zama ya ba da labarin ba. Amma ba da wannan aka san shi ba. Daga nan har Bukkuyum da Anka, in ka ce Tsoho mai fito sai a ce wane ne. In ka ce Baƙon Fadama sai a yi dariya, a ɗan waiga baya.

Fim ne da aka yi tun zamanin kaset. Almustapha tela ya shirya shi da kyamarar da yake ɗaukar biki da suna, ya tara samarin unguwa, ya ce su ma 'yan Gummi za su yi abin tsoro. Labarin bai da yawa. Wani abu ne ke fitowa daga fadama da sassafe, ya kira manomi da sunansa cikin muryar innarsa. Wanda ya amsa ba ya komawa gida. Dama iyayenmu sun hane mu amsa kiran da ba mu ga mai yin sa ba, a nan Almustapha ya samo shi. Samarin duk suka ƙi shiga ruwan saboda matsattsaku. Tsoho da aka ɗauka don ya yi musu fito kawai ya tuɓe riga ya ce a shafa masa laka.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, aikin bai yi kyau ba. Jinin zoɓo ne, har ganyen ana gani. Akwai gawar da sauro ya ciza ta sosa ƙafa. Yarinyar da ta fara fitowa a matsayin ɗiyar manomi an ɗaura mata aure ana tsakiyar aiki, sai aka kawo wata doguwa baƙa ta ci gaba da amsa sunanta, ba wanda ya yi bayani. A wurin da ya kamata hankali ya fi tashi, wani mai keke ya ratsa ta baya da buhun albasa, har ya ɗaga hannu ya gaida mai kyamara. Ƙarshe kuwa babu shi. Kaset ya cika ana cikin gudu, Almustapha ya rubuta Alhamdulillahi a kwali ya nuna, shi ke nan.

To amma duk mai dariya yakan kai wani wuri ya yi shiru. Da sassafe aka ɗauki yawancinsa, ƙarshen damina, lokacin da tururi ke kwanciya a kan ruwa har ba ka ganin inda shinkafa ta ƙare gulbi ya fara. Ba kiɗa, don ba su da mai yi. Kwaɗi ne kawai, da wani gurnani da ba ya yankewa tun farko har ƙarshe. Mutane suna cewa muryar abin ce. Janaretona ne. Batirin kyamarar ya mutu, sai an jona ta da wuta, kuma duk nisan da muka kai injin sai ta kwaso ƙararsa. Sai kuma Tsoho. Ruwa yana kwance lumui, kainuwa ta rufe shi, ka daɗe kana kallo har ka ɗauka hoton ya tsaya. Sai kainuwar ta fara tashi. Ba ya gudu, ba ya ihu, ba ya zare ido kamar yadda ake yi. Tsayawa kawai yake, laka na zuba daga kafaɗarsa, ya karkata kai kamar mai sauraro. Na ga finafinan waje da ake fasa kai ana zubar da hanji, ban ga wanda ya hana ni sauka fadama ni kaɗai ba sai wannan, ni da nake tsaye a wurin ranar da aka ɗauka.

Kasuwa ba ta karɓe shi ba a lokacin. Daga baya ne wani ya juye shi a waya, ya shiga yawo hannu da hannu. Direbobi suka kai shi Anka, masu haƙar zinari suna kallonsa a inuwar bakin rami, matasan da ba a haifa ba lokacin da aka yi shi sun haddace inda mai keke zai wuce, suna gaida shi tare. Har yau in ka kira abokinka daga bayan shinkafa sai ka ji ya ce, "Fito in gan ka tukuna."

Wannan yawon ne ya dami Mu'awiya. Ba mugun yaro ba ne, shi ke sayen maganin uban, shi ya nemo motar da za ta kai shi asibiti Sakkwato ranar nan da azahar. Tsoro yake ji. Ya ga cikin uban ya kumbura, ya ji abin da likita ya faɗa, ya kuma yi imani cewa duk wanda ya bar hoton banza a duniya, muddin ana kallo ana rubuta masa, ko yana kabari. Abin da yake so, kafin a shiga mota uban ya fuskanci waya ya ce ya tuba da fim ɗin, ya roƙi duk mai shi ya goge don Allah. A garin nan in mara lafiya ya yi irin wannan roƙo, gogewa ake yi. Ba mai son a ce shi ya ƙara wa mamaci nauyi.

Da hantsi na same su a zaure. An shimfiɗa wa Tsoho tabarma, an sa masa hula da farar riga. Saude, matarsa, tana daga bakin ƙofar cikin gida. Mu'awiya ya durƙusa ya saita waya.

"Baba, ba tsawo za ka yi ba. Yadda munka yi jiya."

"Yadda kay yi jiya dai, Malam. Ni saurare nikai. Ta kama?"

"Ta kama."

Tsoho ya gyara zama, ya yi sallama kamar mai wa'azi. Ya ce shi ne Tsoho mai fito, za shi asibiti, bai san ko zai dawo ba. Ya ce yana da abin tuba. Da ƙuruciya ya sha barin salla ta wuce shi a kan ruwa. Ya taɓa cika jirgi ranar kasuwa fiye da ƙima don kwaɗayi, Allah ne ya tsare. Ya taɓa gaya wa uwar yaran nan maganar da har yau in ya tuna ba ya iya duban ta, yana roƙon ta ta yafe. Saude ta ja mayafi ta rufe baki.

Ya gyara hula alamar ya gama. Mu'awiya ya raɗa, "Sai fim ɗin, Baba."

"Awo, fim. Jama'a, zoɓon nan kuskure na, na gaya ma Almustapha tun ran nan, Allah ya jiƙan shi, bai ji ba. Mai keke kuma Abdullahi na, ɗan Gayari, ya biya ni gaisuwata. Wanga shi na laifin da ni sani."

"Baba, don Allah. Ba wasa muke ba."

"Wa ka wasa? Wa nic cuta? Na yi zagi ciki? Na taɓa ɗiyar wani? Laka na shafa, na shiga ruwan da nike shiga kullum."

"Ka yi siffar aljani, Baba. Kana tsorata Musulmi."

"Su suka zo a tsorata su, har suna turo ma juna. Kai, Makau, an taɓa kama ka anka ɗaure don ka kalla?"

Na ce ba a taɓa ba.

Daga ƙofa Saude ta ce, "Ni dai zanena da anka ɗauka anka yi ma dodo gyauto, har yau ban gan shi ba."

"Kin ji, wanga hakki na, shi ina iya tuba," in ji Tsoho. Ya juyo wajen ɗansa, dariyar ta bar fuskarsa. "Malam, tun ina yaro nike tura jirgi. In na sauke mutum ya wuce, ruwa ya shafe sawu. Abu guda ni yi da ya tsaya. Ka ce in buɗe baki in ce ƙazanta ne don in samu rahama? Allah ya san ban yarda ba. In yi mai ƙarya ina kan hanyar zuwa wurinshi?"

Mu'awiya ya sauke wayar. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ni kabarinka nike ji, Baba."

"Na sani, ɗana. Ka yi min addu'a, ita ka da amfani. Amma tsaya. Ka taɓa kallon shi har ƙarshe?"

Yaron ya girgiza kai. Ashe bai taɓa wuce farkon ba. Tun yana makaranta ake kiransa ɗan Baƙo, ya tsani abin tun kafin ya san mene ne.

"Ka gani? Hukunci ba shaida. Makau, kana da shi?"

Ina da shi. Na lalubo wurin kainuwa na miƙa wa Tsoho wayata. Mu'awiya ya yunƙura zai tashi, uban ya kama shi a wuyan hannu. Hannun da ya yi shekaru yana riƙe gorar tura jirgi ne, ciwo bai cinye shi duka ba. Yaron ya koma ya zauna.

Nan ɗan aiken mai shinkafa ya leƙo, wai injin ya sake tsayawa. Na ce su riƙe wayar, zan karɓa wurin Saude. Motar ta tafi da Tsoho ina tsallake, kuma a can Sakkwato Allah ya karɓi abinsa. Abin ƙarshe da na gani ranar, da na waiga daga bakin zaure zan fita, Mu'awiya ya gaji da ruwan da ba ya motsi, ya kai yatsa zai tura hoton gaba. Tsoho ya buge yatsan, ya ce, "Haƙuri, Malam, ina ƙasa ina riƙe numfashi." Sannan ya lalubi gefen wayar da babban yatsa ya ƙara murya.