Mai Safa Ɗaya

Gwenda tana layin ganin bilbi, 'yan dabbobin dare masu kunnen zomo da suka kusa ƙarewa, a gidan kula da su a jihar Kwinsland ta Ostiraliya, sai ga wani ƙato ya tsallake kowa. Gemu har ƙirji, riga sharkaf da gumi, ƙafa ɗaya da safa, ɗayar babu. Warin da ke binsa ya ce direban tirelar shanu ne, irin waɗanda ko kangaru ba sa taka wa birki. A gaban ma'aikaciya ya hau ɓalle riga. Gwenda ta dafe ƙirji, yau ga mahaukaci!

Daga hammata ya zaro ɗaya safar, wani abu na motsi a ciki.

"'Yar'uwa, ni na take uwar ɗan bilbin nan da asuba," in ji shi. "A jakar cikinta na samo shi. Awa biyar ban kunna sanyin mota ba. Zai rayu?"

Ma'aikaciyar ta leƙa. "Da ɗuminsa, zai rayu. Amma bawan Allah, yaushe rabon safar nan da ruwa?"

"Shi dai bai yi ƙorafi ba. Bar masa, ya saba."

Ƙaton ya juya yana share ido da gemu. Gwenda ta ba shi hanya, har yanzu bakinta a buɗe.