Mashigar Batula

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kebbe da damina ya san rafin da ya raba Tungar Faru da titi. Da rani yaro ma tsallake shi yake yi. Amma da ruwa ya zauna sai ya cika ya batse, babur ya tsaya can, mutum ya tsaya nan. Gada kuwa, duk zaɓe sai an zo an auna an kafa turaku. Jakuna ake ɗaurewa a jikinsu yanzu.

Abin da ya rage wa mutanen tunga shi ne fito da gora. Mai fito zai ba ka ƙaton gora ka rungume, ya zuba kayanka a masaki, ya riƙe ka ta ƙugu yana iyo har gaɓa. Namiji ba ruwansa. Mace fa? Wane miji zai yarda ƙato ya riƙe ƙugun matarsa a tsakiyar ruwa? Haka matan tunga suke zama a ɗaure har kaka: ba awon ciki, ba kasuwar Kebbe, ba zuwa gaisuwa. Mazan kuma suna ta kai da kawowa abinsu, ko kunya babu.

Batula 'yar Ɗan'iya mai fito ce. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, don haka ita ce ta tashi tana tura masa masaki, ta iya ruwa tun ba ta iya ɗaura zane ba. Ta yi aure a Jabo, mijin ya rasu, ta dawo gida da marayunta. Ba a daɗe ba tsohon ma ya bi, ya bar goransa rataye a zaure.

Wata safiya ta sauka rafi wanki, ta tarar da maƙwabciyarta Madina durƙushe a gaɓa tana kuka. An bugo waya uwarta ta rasu a Tambuwal, miji kuma ya ce ta yi mata addu'a daga nan. Batula ba ta yi shawara da kowa ba. Ta koma gida ta zura wandon ubanta a ƙarƙashin zane, ta sauko da gora, ta ce wa mijin Madina, “Ni mace ta, sai ka sake wata hujja.” Ta haye da Madina a gaban kowa.

Kafin mako ya zagayo mata sun yi mata layi. Nan fa ran Ɗangiwa, sarkin fito, ya ɓaci. A al'adar mashigar, in mai fito ya mutu ba ɗa namiji, goransa da gurbinsa na komawa hannun sarki, shi kuma ya riga ya yi wa ɗan ƙanensa Sirajo alkawari. Ya sa aka kira ta gindin faru inda masu fito ke zama.

“Batula, ɗiyata, tun kakanni ba a taɓa jin mace ta yi fito ba. Aje goran ga.”

“Baba Sarki, tun kakanni mata nawa sunka mutu wurin haifuwa ga gaɓar ga, suna hangen titi? Shi wanga an saba jin shi, ko?”

Sirajo ya tsoma baki yana washe haƙora. “Inna Batula, in kada yak kama ki, wa za ya riƙa marayu?”

“Kai Sirajo, rufa ma kanka asiri. Ran da ubana yat tsamo ka da kunne kana kiran uwarka, ina tsaye. Ruwan ko cibiya bai kai ba.”

Masu fito suka kwashe da dariya, kuma dariyar nan ce ta ƙarasa ɓata lamarin. Ɗangiwa ya miƙe, ya sa aka karɓe goran daga hannunta. “Mashigar ga tawa ta. Kada in sake ganin ƙafarki cikinta.”

Ta dubi goran da ubanta ya yi shekaru yana shafa wa mai, ga shi a hammatar Sirajo. Idonta ya cika, amma ba ta bari sun gani ba. “Ku riƙe gora,” ta ce. “Rafin dai ba ubanka yag gina shi ba, Baba Sarki.”

Can ƙasa da mashigar akwai wani wuri da gumbi ya rufe, ƙaya ko akuya ba ta ratsawa, ruwan kuma ya fi ƙarfi. Nan ta nufa da adda. Madina ta biyo ta da lauje, sannan wasu matan suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka share hanya hannuwa duk jini. A madadin gora ta haɗa jarkokin man gyaɗa ta ɗaure da igiya.

Gwajin farko ita kaɗai ta shiga, kuma ruwa ya nuna mata shi ba ɗan'uwan kowa ba ne. Ya kwashe ta ya watsar cikin gonar shinkafa can nesa. Ta dawo a ƙafa, taɓo har wuya, masu fito suna tafa mata daga gindin faru. Washegari ta sake shiga da doguwar igiya a baki, ta ɗaure a bishiyar giyayya ta wancan ƙetare, ta ja ta ɗaure a ta wannan. Tun daga ranar, igiya take bi da hannu ɗaya, mace a ɗayan.

Ba duka mazan suka sakko ba, har yau akwai masu hana matansu. Ɗangiwa ma bai haƙura ba. Ranar awo, tana ɗaura wa wata mai tsohon ciki jarkoki a ƙirji, sai ga Sirajo ya tsaya daga bakin gumbi, ya kasa ƙarasowa cikin mata.

“Sarki ya ce in gaya miki, ran da ruwa yac ci wata nan, alhaki na wuyanki.”

“Na ji, na ɗauka,” in ji Batula, tana ƙara tamke igiyar. “Ka tambayo min shi, na waɗanda sunka mutu bisa tudu wuyan wa shike? Matsa, kana tsare muna hanya.”

Ta juya ga mai cikin. “Riƙe da kyau, ɗiyata. Kada ki dubi ruwa, ki dubi titi.”

Ta yi bisimilla, suka shiga.